Gasar Bayan Ƙofa

"Ni fa na sauya!" in ji Injiniya, babban ɗan gidan, yana buga gwangwani a kan tebur. "Satin da ya wuce Mai Tanka na jefa wa, yau na jefa wa Lauya, don kawai a gama kowa ya huta. To ta yaya za a ce har yanzu biyu da biyu?"

"Ai ni ma na sauya," in ji Baffa Mai Aski, ƙanin marigayi, yana sosa ƙeya da tsinken ashana.

"Kai kuma Baffa wa ya ce ka sauya?"

"Kai wa ya ce maka? Ko kai kaɗai aka raba wa dabara ranar da aka yi rabo?"

"Don Allah ku rage murya," in ji Auta, malamar asibiti, wadda ko takalmin aiki ba ta cire ba. "Maƙwabta za su ɗauka gado muke rabawa."

Mama tana zaune a kujerarta ta kusa da taga, hannu biyu a kan cinya. Tana jin su kamar yadda mutum ke jin rediyon gidan wasu ta bango. A kan tebur ga murafun kwalba huɗu, biyu a gaban jan gwangwani, biyu a gaban shuɗi. Asabar ta shida ke nan ana tashi haka. Ita kaɗai ce a ɗakin ta san dalili, kuma ko gashin idonta bai motsa ba.

Abin ya samo asali ne daga mijinta, Mai Gyara, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gyaran rediyo da talabijin da na'urar faifai a wani ɗan shago da ke ƙasan benen da suke zaune. Mutane kuwa kun san halinsu. A kawo na'ura da faifan fim a cikinta, a ce gobe za a dawo, goben da har yau ba ta waye ba. Da haka ya tara faifan fina-finan Amurka talatin da biyu a kwalin takalmi, ba kwalayensu na asali, ba hoto, wasu ma ba a iya karanta rubutun jikinsu. Da hannunsa ya fara rawa, sukudireba ta ƙi zama a kan kusa, sai ya rufe shago ya hau sama. Mutumin da ya saba da aiki in ya zauna sai ya ƙirƙiro wa mutanen gida aiki. Ya ce za a yi gasa, a gane wane fim ne sarkinsu.

Shi ya raɗa musu suna da kansa, tunda sunayen Turancin ba sa zama a bakin kowa. Akwai Ɗan Sanda Mai Tumbi, akwai Wanda Aka Harba Sau Tara, akwai Matar da Ta Sayi Dutse. Ya yanka takardu ƙanana, ya rubuta sunayen. Mama ta ce kada ya kuskura ya shafa mata gam a jikin ƙofar falo da aka yi wa sabon fenti. Sai ya kafa ƙananan kusoshi a gefe da gefe, ya ɗaɗɗaura zare layi-layi a bayan ƙofar, ya ninke takardun ya rataya su kamar shanya. Layin ƙasa talatin da biyu, na samansa sha shida, haka abin ke tsukewa har can sama, inda zare ɗaya ke jiran takarda ɗaya.

Dokoki kuwa, kai ka ce kotu ya buɗe. Duk Asabar bayan azahar fim biyu za su kara, kuma sai an kalle su daga farko har ƙarshe ko da an kalle su sau goma. Alƙalai biyar ne, shi da Mama da Baffa da yaran biyu, don kada a yi kunnen doki. Kowa da murfin kwalbarsa. Gwangwanayen madara biyu da aka tsaga wa murfi suna kicin, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa, ƙarami ne ke fara shiga, babba ya rufe. Ba haɗa baki. Dokar da ta fi ba mutane wuya ita ce ta ƙofa: duk takardar da ta faɗo ƙasa, wasanta ya ɓaci, sai an sake. Wata rana iska ta ja ƙofar, takarda ɗaya ta faɗo, Mai Gyara ya zaunar da su awa huɗu suka sake kallon Ɗan Sanda Mai Tumbi yana bin ɓarawo yana haki. Tun daga ranar, duk gidan aka koyi rufe ƙofar nan kamar ɗakin da jariri ke barci.

An yi na kusa da na ƙarshe ranar Asabar. Mai Tanka da Lauya Mai Tari suka fito. Ranar Talata Mai Gyara ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, bai tashi ba.

Mama ba ta yi kuka ba. Matan bene sun lura, sun kuma yi ta maganar a bakin famfo, wata ta ce tauri ne, wata ta ce dama can. Ita dai ba ta san me ya same ta ba. Ta jira kukan kamar mai jiran mota a tasha, bai zo ba. Abinci ya zama kamar takarda a bakinta. Takan ɗora ruwan shayi na mutum biyu da safe, ta zubar da rabi. Rannan ta manta tukunya a kan wuta har hayaƙi ya kai hawa na uku. Bayan sati biyu santsi ya kwashe ta a banɗaki, sai da wata mai wanki da ke hawan ƙasa ta ji shiru ya yi yawa ta hau ta leƙa.

Nan Injiniya ya ce magana ta ƙare, Mama za ta koma gidansa. Ba mugun yaro ba ne, a faɗi gaskiya ko don Allah. Ya gyara mata ɗaki, matarsa ta sa labule sabo, har da ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ya kai ta ta gani. Ɗaki fari fes, taga ba ta buɗuwa sai dai sanyin inji, ƙofar kuwa irin mai rufe kanta ce a hankali, ko tsaki ba ta yi. Mama ta duba ta ce ya yi kyau. Da suka dawo ta tsaya a bayan ƙofar falo tana kallon zaren can na sama da babu komai a kansa.

"Sai an gama gasar babanku," ta ce.

"Wasa ɗaya fa ya rage, Mama."

"To ai ka ga ba nisa."

Ya yi alkawari a gaban Baffa cewa ba zai ɗaga mata ko cokali ba sai takarda ta hau zaren ƙarshe. Shi kuwa gadon ubansa ya yi wajen magana ɗaya, ko za ta kashe shi ba ya janye ta.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne alƙalai sun koma huɗu, kuma yanzu Mama ce ke shiga ƙarshe. Asabar ta farko ta shiga kicin da murfinta a hannu, ba ta da niyyar komai. Sai ta ga murfin jan gwangwani bai zauna daidai ba. Ta sa farce don ta gyara, ya buɗe. Biyu a ciki. Ta buɗe shuɗin, ɗaya. Ta daɗe a tsaye. Hannunta ne ya yi aikin, ita kallo kawai ta yi. Daga ranar duk inda ta ga ɗaya, nan take jefawa.

Fina-finan kansu ba ta san wanda za ta zaɓa ba. Ba ta jin Turanci. Shekara da shekaru Mai Gyara ne ke zama kusa da ita yana faɗa mata abin da ake cewa, da muryar maza da ta mata, har da tarin Lauyan. Bayan rasuwarsa Auta ta gwada karɓar aikin. Aka zo wurin da direban tankar ruwa ya tsaya a tsakiyar hamada ya dafa sitiyari yana magana shi kaɗai, wurin da Mai Gyara kullum ke cewa, "Ya ce matarsa tana can ta dafa shayi, in bai koma ba zai huce." Auta ta saurara ta ce, "Wai man injin ya yi ƙasa." Mama ta ce ta sake ji da kyau. Auta ta mayar baya, ta ce man inji ne dai. Mama ta ce ta bar shi, ta huta. Tun daga nan take kallon bakuna suna motsi.

"Wannan Lauyan ma me aka gani a jikinsa?" Baffa ne ke ci gaba da faɗa, don masu aski bakinsu da almakashinsu tare suke aiki. "Mutum awa biyu yana tari a kotu, ba wanda ya ba shi ruwa. Ƙasa guda ba mai tausayi."

"Ya fi Mai Tanka dai," in ji Auta. "Tafiya, tafiya, tafiya. Har barci na yi na farka bai iso ba."

"Ke dama barci kike zuwa yi nan."

"Baffa, daga aiki nake."

Injiniya ya miƙe. Yana tsaye yana kallon murafun nan huɗu, yana juya makullin mota a yatsa. Can ya ɗaga kai ya kalli uwarsa, ita kuma tana kallon labule.

"Baffa, zo ka duba mini tayar motata."

"Ni da ko keke ban da shi?"

"Zo dai. Auta, ke ma taso."

"Ni me na sani a taya, Yaya?"

"Zo ki koya."

Suka fita, Auta ta ja ƙofar a hankali kamar yadda aka saba. Takardun suka ɗan yi rawa a kan zare suka tsaya. Ba su ma sauka ƙasa ba, a kan matakala suka tsaya, Mama tana jin ƙus-ƙus ɗinsu, muryar Injiniya a sama, ta Baffa tana ja da baya, sannan shiru. Ta tashi ta kwashe kofunan shayi. Kujerar Mai Gyara tana nan da ramin da bayansa ya yi mata. A saman talabijin, kusa da agogo, murfin kwalbarsa na biyar yana nan inda ya ajiye shi, ƙura ta zagaye shi. In tana shara takan goge ko'ina ta tsallake wurin.

Da suka dawo Baffa bai yarda sun haɗa ido ba. Shi da kullum sai ya tsokane ta, matar Yaya kaza, matar Yaya kaza, yau ƙafarsa yake kallo kamar yau ya fara ganinta.

"Mama, za mu sake jefawa," in ji Injiniya. "Tunda yanzu muka gama kallo, ba a karya doka ba."

"Tayar lafiya?" ta ce.

"Lafiya lau."

"To madalla."

Ya mayar da gwangwanayen kicin. Auta ta shiga ta fito. Shi ya shiga ya fito. Baffa ya shiga, ya ɗan jima, ya fito yana share wuya. Mama ta ɗauki murfinta.

Kicin ɗin bai fi mutum biyu su juya ba. Ga tukunyar da ta ƙone, ta kankare ta har ta gaji ta bar baƙin. Ga rediyon Mai Gyara a kan kanta, ba murfin baya, wanda ba ya magana sai an mare shi a gefen hagu. Ga makunnin fitila da ya naɗe da baƙin tef ya ce na kwana biyu ne, shekara tara ke nan. Ta buɗe jan gwangwani, na Mai Tanka. Wayam. Ta buɗe shuɗin. Uku, sun kwanta a kan juna.

Ta tsaya tana kallonsu. Ba ta ji haushi ba, ba ta ji tsoro ba. Lissafin mai sauƙi ne, ko yaro ya iya. Duk inda ta jefa, Lauya ya ci, a ɗauki takarda a rataya a sama, gobe Lahadi a zo da mota. Ta san kuma in ta taɓa, su ukun sun san abin da suka jefa. Ba inda za ta ɓuya. Ta tuna farin ɗakin nan da ƙofarsa mai rufe kanta. Ta nemi wani abu a ƙirjinta da zai ce mata yi ko bari, ba ta sami kowa a gida ba.

Ta sa yatsa biyu ta ɗauko ɗaya daga shuɗi ta sa a ja. Ta ɗora nata a kai. Ta rufe su da kyau, ta wanke hannu, ta ɗauko su ta kai tebur da kanta.

Injiniya ya juye shuɗi. Biyu. Ya girgiza gwangwanin, ya leƙa ciki. Ya juye ja. Biyu.

Baffa ya yi wani ɗan tari, sak na Lauya. Dariya ta kufce wa Auta, ta toshe baki, sai dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ta kifa fuska a gwiwa.

"Mama," in ji Injiniya a hankali. "Mu uku Lauya muka jefa wa."

"Ashe haɗa baki kuka yi." Ta koma kujerarta ta zauna. "Babanku ya hana."

"Mama, buɗe gwangwani kike yi."

"Murfin ne ba ya zama."

"Sati shida! Sati shida ina tuƙo awa biyu in zo in kalli mutum yana tari! Ina zargin Baffa, ina zargin Auta, har kaina na zarga!"

"Ni dai an ɗauki alhakina," in ji Baffa.

"Baffa, don Allah." Ya juyo gare ta, ya durƙusa a gaban kujerar, ƙaton mutum da furfura a gemu. "Mama, kin san wayata ko wanka zan shiga da ita nake shiga? Duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi. Ranar da kika faɗi a banɗaki, awa nawa kika yi a ƙasa?"

"Ban duba agogo ba."

"Uku. Awa uku. In da matar nan ba ta hau ba fa?"

"Ai ta hau."

Ya miƙe. Ya je taga ya dawo. "To na ji. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, wanne ya fi a cikinsu? Ki faɗa da baki, mu rataya, ko wanne ne na yarda."

Mama ta kalli talabijin ɗin da ke kashe. Tana ganin su duka a cikin baƙin gilashin, ƙanana, kamar wani fim ɗin.

"Ban san me suke cewa ba," ta ce. "Mai faɗa mini ba ya nan."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa gishiri ya ƙare. Auta ta ɗago da jajayen ido. Baffa ya cire hula ya duba cikinta ya mayar.

Injiniya ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya miƙa hannu saman talabijin ya ɗauko murfin nan na biyar. Inda ya tashi ya bar ɗan da'ira mai tsabta a cikin ƙura.

"To ga na Baba. Ni ne babba, ni zan jefa masa. A yi uku da biyu a tashi."

"Ajiye," in ji Baffa. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Ka san wanda zai zaɓa ne? Ni da muka sha nono ɗaya ban sani ba. Ajiye masa abinsa."

Murfin yana tafin hannunsa, ya kai shi bakin shuɗin gwangwani, hannun ya tsaya. Ya kai bakin ja, ya tsaya. Ya mayar da shi saman talabijin, bai dace da da'irar ba, ya gyara da ɗan yatsa har ya zauna daidai.

"Alkawari ka yi," in ji Mama. "Sai an gama."

"Ba za a gama ba ai! Kin san ba za a gama ba!"

"Asabar mai zuwa a sake gwadawa."

"Yaya, zauna mana," in ji Auta. "Mu yi magana. Ko ni in riƙa kwana nan ranakun da ba ni da aiki."

"Ke da ba kya iya tsayawa da ƙafarki? Ku dai ku biye mata. Ku zauna da gasarku har tashin duniya. Ranar da aka kira ku aka ce an same ta a ƙasa, sai ku jefa murfi a kai!"

Ya fizgi makullinsa daga kan tebur, gwangwani ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera. Mama ba ta bi shi da ido ba. Bayan ƙofar take kallo, layi-layin takardun nan da rubutun Mai Gyara, wanda ya fara a miƙe daga ƙasa, yana hawa yana karkacewa. Injiniya ya finciko ƙofar ya fita.

Baffa ya zabura, hannu a sama. "Kai, Injiniya! A hankali da ƙo..."

Garam! Har agogon saman talabijin ya yi tsalle. Takardun suka zubo daga kan zare gaba ɗaya, na sama da na ƙasa, suna juyawa a iska, suka bazu a tsakar ɗakin har gaban ƙafar Mama.